Sayen Rake a Gona, Sayen Taurari a Kwamfuta

Ranar Juma'a 24 ga Fabrairun 2023, jajiberin zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da jama'a ke cincirindo a ƙofar bankuna suna neman sababbin takardun naira, wani kamfanin Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Kerbal Space Program 2. Kuɗinsa dala 50 ba santi ɗaya. A canjin hukuma na lokacin wajen naira 23,000 ke nan, a kasuwar bayan fage kuwa ya haura mafi ƙarancin albashi na wancan lokaci, naira 30,000. Wasa ne na ƙera roka da tuƙa kumbo zuwa wasu duniyoyi, kuma masu sha'awarsa sun shekara uku da rabi suna dakonsa.

Kafin gari ya waye ra'ayoyinsu sun cika shafin Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta. Wanda ya mallaki na'ura mai tsada ya ce hoton yana tafiya yana cijewa. Wani ya ce rokar da ya ƙera tana lanƙwasa a iska kamar tsumagiya. Wasu suka tarar da kumbon da suka bari yana kewaya duniya lami lafiya ya riƙa gangarowa ba gaira ba dalili. Zafin da kumbo kan ɗauka idan zai dawo cikin iskar duniya, wanda tsohon wasan ya daɗe da shi, babu shi a sabon. Gina matsugunai a wasu duniyoyi, da tafiya zuwa wasu taurari, da wasa tare da abokai, duk abubuwan da aka yi talla da su, suna cikin jerin alƙawura ne kawai. Amma kusan rabin masu rubutun suka ce a yi haƙuri, ai an faɗa tun farko cewa ba a gama ba.

An kuwa faɗa. An sayar da wasan ne ƙarƙashin tsarin da kamfanin Valve, mai Steam, ya ƙaddamar a watan Maris na 2013 ya raɗa masa suna Early Access: a sayar wa mutum wasa tun yana ɗanye, ya biya, ya riƙa taɓawa, masu aikin kuma su ci gaba da gini da kuɗinsa da shawararsa.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne ga mutumin Maƙarfi ko Kudan, ko da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. A fadamun wannan yanki, inda rake da tumatir da barkono suke riƙe da gidaje, an saba ɗan kasuwa ya sayi rake yana tsaye a gona, ya biya, ya dawo sara daga baya. Manomi ya sami kuɗin biyan buƙata, mai saye ya sami rangwame, ya kuma ɗauki kasadar abin da ka iya faruwa kafin ranar sara. Manoman tumatir na Ikara sun san ɗaya fuskar al'amarin: masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa a garin a 1981 ta shafe shekaru a rufe, kuma wanda ya yi shuka da sa ran ita ce za ta saya ya koyi bambancin alƙawari da kasuwa. Tarihin wasannin sararin samaniya tarihi ne na irin wannan ciniki, da yadda sharuɗɗansa suka riƙa zamewa daga hannun mai biya.

Asalin abin ba ciniki ba ne ma. A 1962, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Steve Russell da abokansa suka rubuta Spacewar!, wasan kumbo biyu masu harbin juna a kewayen wani tauraro. Ba wanda ya saya, ba wanda ya sayar. Duk mai iya rubuta manhaja yakan ƙara abin da ya ga ya rage: Dan Edwards ya sa wa tauraron ƙarfin jan abu, Peter Samson ya ga taurarin bango an watsa su barkatai, ya zauna ya jera su yadda suke a sama. Mai wasa da mai gini mutum ɗaya ne. Shekara bakwai bayan haka, a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka ɗauka yawon sararin samaniya. Ɗalibin Hunƙuyi ko Maƙarfi da ya karanta shi a aji ya yi irin tafiyar da ɗaliban MIT ke yi, sai dai shi an miƙa masa littafinsa cikakke, da farko da ƙarshe.

Sauyi na gaba ya zo daga Ingila. A 1984 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kambirij, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a kan kwamfutar BBC Micro, wadda ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobait 32 ba, ƙasa da nauyin hoto guda a wayar yau. Cikin wannan ɗan wuri suka cusa gungun taurari 8, kowanne da duniyoyi 256. Dabarar ita ce ba su ajiye duniyoyin ba. Sun ajiye ƙa'idar lissafi ce, wadda ke haifar da suna da tattalin arziki da matsayin kowace duniya a lokacin da mai wasa ya doshe ta. Dabara ce ta ƙwararru, amma ta bar gado mai haɗari. Tun daga ranar, faɗin sararin samaniya ya zama abu mafi araha da mai wasa zai iya alƙawartawa. Abin da ke da tsada shi ne cika wannan faɗi da abin yi, kuma ba a ganin wannan a hoton talla.

Wanda ya nuna cewa ana iya sayar da ɗanyen wasa a yi arziki shi ne Markus Persson na Suwidin, da ya fara karɓar kuɗin Minecraft a 2009, fiye da shekara biyu kafin kammala shi. Amma a fagen sararin samaniya, misalin da kowa ke kafa hujja da shi shi ne Kerbal Space Program na farko, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Squad kamfanin talla ne a birnin Meziko, ba ruwansa da wasanni. Wani ma'aikacinsa ɗan Barazil, Felipe Falanghe, ya nemi ajiye aiki don ya gina wasan da ke ransa. Masu kamfanin suka ce ya zauna ya gina a wurinsu. A watan Yunin 2011 aka saki zubin farko, kyauta, kuma kusan babu komai a ciki: 'yan sassan roka, filin harbawa, da wasu korayen halittu masu zare ido da ake kira Kerbal. Ko wata babu. Daga baya aka sa masa 'yan daloli kaɗan, farashin yana hawa gwargwadon yadda wasan ke cika. Aka ƙara wata, aka ƙara wasu duniyoyi, a ƙarshen 2012 aka ƙara haɗa kumbo biyu a sarari.

Abin da ya riƙe mutane shi ne wasan ba ya sassauta dokokin tafiyar falaki. Sabon shiga yakan harba roka sama kai tsaye, ta faɗo masa. Sai a hankali ya gane cewa zama a falaki gudu ne a kaikaice, mai tsananin da zai sa kumbo ya riƙa faɗowa yana kuskure ƙasa. Ya gane cewa idan yana son cim ma wani kumbo da ke gabansa, rage gudu zai yi ya sauko ƙasa-ƙasa, domin kewayen ƙasa ya fi gajarta. Idan ya taka wuta sai ya hau sama a bar shi a baya. Abin da malamin fiziya ke fama da alli a kansa, masu wasa suka koya da hannunsu bayan sun tarwatsa roka ɗari. Suka riƙa koyar da juna, Scott Manley ɗan Sikotilan ya yi suna a YouTube da wannan, wasu suka rubuta ƙarin manhajoji suka raba kyauta, har Squad ta ɗauki wasunsu aiki. Matsalar da kan wargaza kumbo haka kawai suka yi mata laƙabi da Kraken, dodon teku na tatsuniyoyin Turawa, suna dariya suna kai rahoto. A 2014 hukumar NASA ta haɗa kai da su wajen ƙara aikin kamo dutsen sarari, a watan Afrilun 2015 kuma wasan ya kammala.

A wannan zamani ra'ayin mai wasa kayan aiki ne. Idan ya ce abu kaza ya lalace, yana magana ne da mutane ƙalilan da yake iya kiran sunayensu, waɗanda ba su da wata hanyar kuɗi sai shi. Kamar mai sayen rake ne da ke zagawa gonar duk mako, yana gaisawa da manomi a bakin kwari.

A 2017 Take-Two Interactive, katafaren kamfanin da ya mallaki Grand Theft Auto, ya sayi wasan. A watan Agustan 2019 aka sanar da na biyu, da bidiyon talla mai ɗaukar ido, aka ce zai fito a 2020. Aikin ya bar hannun kamfanin Star Theory ya koma wani sabon reshe mai suna Intercept Games a Siyatil, aka ɗaga ranar fitowa sau da dama, daga ƙarshe aka ce za a sake shi ɗanye. A nan ne ma'anar cinikin ta juya. Squad ta sayar da ɗanye ne don ba ta da jari, ta kuma sayar da araha. Take-Two ba ta rasa jari ba, ta kuma sa farashin da ya kusa na dafaffen wasa. Abin da ta sayar a zahiri shi ne amanar da wasu mutane dabam suka tara cikin shekara huɗu na cika alƙawari. Falanghe kansa ya bar aikin tun 2016.

Ba a ce ma'aikatan sun zauna ba. A watan Disamban 2023 suka fitar da babban gyara da ya kawo binciken kimiyya da zafin dawowa, masu wasa da dama suka koma, ra'ayoyi suka fara sauyawa. Wata biyar bayan haka labari ya fito cewa Take-Two za ta sallami ma'aikata 70 a Siyatil. Daga tsakiyar 2024 gini ya tsaya. A watan Nuwamba kamfanin ya sayar da reshen da ke buga wasan ga wani mai saye da bai bayyana sunansa a lokacin ba. Wasan kuwa ya ci gaba da zama a kasuwa, da farashinsa, da jerin alƙawuransa.

Sauran misalan biyu da ake yawan ambata sun bi wasu hanyoyi. Star Citizen na Chris Roberts ya fara karɓar gudummawa a 2012 da niyyar fitowa a 2014. Ya zuwa 2024 ya tara fiye da dala miliyan 700, akasari daga sayar da jiragen da ke cikin wasan, kuma har lokacin yana matakin gwaji. No Man's Sky kuwa an sayar da shi a 2016 a matsayin kammalalle, da duniyoyi fiye da tiriliyan miliyan 18 irin na dabarar Elite, masu saye suka tarar da faɗi ba ciki, suka yi masa ca. Ƙaramin kamfanin da ya yi shi, Hello Games, ya yi shiru ya duƙufa, ya shekara takwas yana ƙari kyauta, har jimillar ra'ayoyin Steam ta kai matakin yabo sosai a ƙarshen 2024. Ana yawan kawo wannan don a ce haƙuri yana biya. Amma babu wata yarjejeniya da ta tilasta musu. Sun ga dama ne, kuma wanda ya biya bai da ta cewa da sun ga damar akasin haka.

Nan ne kwatancen gona ya rabu da na kwamfuta. Malaman fiƙihu da suka halatta cinikin salam, wato biya yanzu a karɓi kaya daga baya, sun ɗaure shi da sharuɗɗa: a san siffar kayan, a san ma'auninsa, a san ajalinsa. Mai sayen rake a fadamar Kudan yana ganin karan da idonsa, ya san watan sara, akwai dillali da shaidu, akwai mai unguwa da alƙali idan magana ta ɓaci. A Steam an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wasan na iya canzawa, yana iya ƙin canzawa, kada mutum ya saya sai idan ya gamsu da shi yadda yake a yau. Babu siffa, babu ma'auni, babu ajali. Ƙa'idar mayar da kuɗi ta ce cikin kwana 14, kuma kada wasan ya kai awa 2 a hannun mai saye. A wasan da mutum kan kwashe maraice guda yana ƙera rokar farko, awa 2 ba ta isa a san ko injin zai tashi ba, balle a san ko kamfanin zai kai baɗi.

Shi ya sa ra'ayoyin masu wasa suke da zafin da baƙo zai ɗauka wuce gona da iri ne a kan abin wasa. Ɗan akwatin rubutun nan shi ne dillalinsu, shi ne shaidarsu, shi ne kotunsu. Bayan rufe Intercept Games sababbin ra'ayoyi suka faɗa mataki mafi muni a ma'aunin Steam, kuma yawancinsu sun daina maganar roka ko hoto. Gargaɗi ne ga mai zuwa, kada ya saya. Ƙwararren da ke Zariya ko Kaduna wanda ya taɓa biyan kuɗin fili a takarda, ko ya yi rajistar manhajar ofis bisa abin da aka ce za ta yi nan gaba, zai gane muryar.

A farkon 2025 Valve ta fara liƙa sanarwa a shafin duk ɗanyen wasan da ya daɗe ba a taɓa shi ba, tana faɗin watanni nawa rabonsa da gyara. Kerbal Space Program 2 na cikin waɗanda aka liƙa wa. Masu wasa kuwa tuni suka koma wa na farko, wanda aka kammala tun 2015, kuma alƙaluman Steam na nuna masu buɗe shi a kullum sun ninka na magajinsa sau da yawa.