Tambayar da likitan barci ba ya tsallakewa

Duk wanda za a cire wa ɗan maraina, saboda sankara ko murɗewar da ta kashe shi, sai an tambaye shi: "Maganin barci ya taɓa ba ka matsala, kai ko wani a danginku?" Tambayar nan tana da tarihi.

A 1960 aka kai wani saurayi ɗan shekara 21 asibiti a Melbon ta Ostireliya da karaya a ƙafa. Maganin barcin ya fi karayar tayar masa da hankali, domin danginsa goma sun rasu ta sanadinsa. Aka shaƙa masa iskar halotan. Cikin mintuna jikinsa ya ɗau zafi rau, zuciya ta kama gudu. Da ƙanƙara aka ceto shi. Dakta Michael Denborough ya bi salsalar gidan, ya gano abin gado ne: maganin ke sa kalsiyam ya kwararo cikin tsoka, ta ɗaure, jiki ya yi ta ƙuna.

Da saurayin ya sake buƙatar tiyata, sai aka yi masa allurar kashin baya, dabarar da August Bier ya fara a Jamus a 1898. Ya tashi lafiya lau. A 1975 kuma Gaisford Harrison ya nuna dantirolin na kashe wannan zazzaɓi.

Yau ana iya cire maraina da allurar baya, mutum idonsa biyu. To, in an tambaye ka, kar ka ɓoye komai, ko da labarin kakanka ne.