Rushewar Jamhuriyar Weimar da Hawan Hitila Karagar Mulki a Jamus

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Adolf Hitila da ƙarfin bindiga ya ƙwace mulkin Jamus, wasu kuma sun ɗauka rinjayen ƙuri'a ne ya kai shi. Idan aka bi tarihin shekarun 1918 zuwa 1934 da natsuwa, za a ga cewa ko ɗaya daga cikin zantukan nan biyu bai cika ba. Ya gwada bindiga sau ɗaya, a birnin Munich, cikin Nuwamba 1923, aka kama shi aka ɗaure. Ƙuri'a kuwa, jam'iyyarsa ta Nazi ba ta taɓa samun rabin ƙuri'un ƙasar ba a wani zaɓe na gaskiya. Miƙa masa mulkin aka yi, kuma waɗanda suka miƙa masa manyan ƙasa ne da suka riga suka gaji da dimokuraɗiyya.

Ita dai jamhuriyar, cikin baƙin ciki aka haife ta. Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka a Nuwamba 1918, bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko, ya bar wa farar hula aikin sa hannu a kan yarjejeniyar Versailles ta 1919. Yarjejeniyar ta ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar yaƙin, ta ƙayyade sojojinta kada su wuce 100,000, ta kuma raba ta da ƙasashen da ta mallaka a ƙetare, har da Togo da Kamaru. Daga nan ne ma wani yanki na Kamaru ya koma hannun Ingila aka haɗa mulkinsa da na Nijeriya. Manyan hafsoshin da suka sha kashi a fagen fama sai suka yaɗa ƙaryar cewa 'yan siyasa da Yahudawa ne suka ci amanar soja daga cikin gida. Daga bisani, a 1923, darajar kuɗi ta zube har dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, ajiyar masu matsakaicin hali ta tashi a banza.

Duk da haka jamhuriyar ta tsallake wannan siraɗi. A zaɓen 1928 'yan Nazi kashi 2.6 cikin ɗari kawai suka samu, wato kujeru 12. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Versailles ko hauhawar farashi su kaɗai suka kashe ta.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne shekarar 1930. Kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi a Oktoba 1929, masu ba da rance na Amurka suka janye kuɗinsu, masana'antun Jamus suka shiga rufewa, har marasa aikin yi suka kai miliyan 6 a farkon 1932. A cikin Maris 1930 gwamnatin haɗin gwiwa ta Hermann Müller ta watse a kan gardamar kuɗin inshorar marasa aiki, kuma ita ce gwamnati ta ƙarshe da ta dogara da rinjaye a majalisa. Tsarin mulkin Weimar yana da wani sashe, na 48, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon zartar da dokokin ta-ɓaci idan zaman lafiya ya shiga haɗari. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Paul von Hindenburg, tsohon janar mai ƙaunar sarauta, wanda shi kansa ya taimaka wajen yaɗa waccan ƙarya ta cin amana. Ya naɗa Heinrich Brüning shugaban gwamnati, aka mai da sashen nan na 48 hanyar mulki ta yau da kullum. A 1930 majalisa ta yi dokoki 98. A 1932 guda 5 kacal ta yi, kuma kwana 13 ta zauna a shekarar duka. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin Hitila ya iso, an riga an saba wa Jamusawa da mulkin da ba ya bi ta majalisa.

Brüning ya rage albashi ya ƙara haraji a tsakiyar wahala, jama'a kuwa suka rama da ƙuri'a. 'Yan Nazi sun samu kujeru 107 a Satumba 1930, sa'an nan 230 a Yuli 1932, wato kashi 37 cikin ɗari. Masu adawa da su kuma kansu a rabe yake, domin 'yan gurguzu sun ɗauki jam'iyyar SPD ta ma'aikata a matsayin babbar abokiyar gaba.

Abin mamaki shi ne, a lokacin da aka kira Hitila tauraruwarsa ta fara dusashewa. A zaɓen Nuwamba 1932 jam'iyyarsa ta yi asarar ƙuri'a kusan miliyan 2, ta koma kujeru 196, asusunta kuma ya bushe. Amma Franz von Papen, wanda Janar Kurt von Schleicher ya ture daga shugabancin gwamnati, yana neman hanyar ramuwa. Ranar 4 ga Janairu 1933 ya gana da Hitila a gidan wani mai banki a birnin Cologne, daga nan ya shawo kan tsoho Hindenburg. Lissafinsu shi ne na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Hitila ya kawo jama'a, su kuma su riƙe linzami. Ranar 30 ga Janairu aka rantsar da shi, Papen na mataimakinsa, 'yan Nazi biyu kawai aka ba shi a majalisar ministoci. Sai dai su biyun, Wilhelm Frick da Hermann Göring, harkokin cikin gida aka danƙa musu, Göring kuwa da 'yan sandan Prussia, jiha mafi girma a ƙasar. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ranar 27 ga Fabrairu gobara ta cinye ginin majalisa, kashegari Hindenburg ya sa hannu a kan dokar ta-ɓaci, ƙarƙashin sashen nan dai na 48, wadda ta soke 'yancin magana da na taro da na jarida. Aka shiga kamun 'yan gurguzu dubbai. Duk da tsoratarwa, a zaɓen 5 ga Maris 'yan Nazi ba su wuce kashi 44 cikin ɗari ba. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa ikonta na yin doka ga gwamnati da ƙuri'a 444 a kan 94. Wakilan gurguzu 81 an kama su ko an hana su shiga, 'yan SPD kaɗai ƙarƙashin Otto Wels suka ƙi, sauran jam'iyyu duka suka amince. A watan ne aka buɗe sansanin Dachau, ranar 1 ga Afrilu aka ƙaurace wa kantunan Yahudawa, a Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago, ranar 14 ga Yuli aka haramta kowace jam'iyya ban da ta Nazi.

Su ma masu lissafin ba su tsira ba. A kisan gillar 30 ga Yuni 1934 an harbe Schleicher da matarsa a gidansu, an kashe wasu na kusa da Papen, shi kuma aka tura shi jakadanci Vienna. Da Hindenburg ya rasu ranar 2 ga Agusta 1934, Hitila ya haɗa muƙamin shugaban ƙasa da na shugaban gwamnati, sojoji kuma suka yi rantsuwar biyayya gare shi da sunansa.