Asalin Kalmar Kiranberi

Malaman lugga sun bayyana cewa kiranberi, sunan wani ɗan itace ja mai tsami da ke tsirowa a fadamun arewacin Amurka, ya samo asali ne daga harshen Jamusawan arewa, waɗanda suka jingina shi ga wani tsuntsu dangin gauraka, domin furensa idan ya sunkuya yana kama da kan tsuntsun da bakinsa. Tun ƙarni na 17 kalmar ta shiga Ingilishi. A yau kuwa ambatonta yakan tuna wa Ba'amurke walimar Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu cikin Nuwamba, inda dangi ke haɗuwa don sada zumunci, a dafa ɗan itacen da sukari, a ci da naman talo-talo, kowane gida bisa al'adar da ya gada daga kakanni.