Nimoniyar PCP

nimoniyar PCP (suna, mace): ciwon huhu da Pneumocystis jirovecii, wata ƙwayar cuta dangin fumfuna, ke haddasawa ga wanda garkuwar jikinsa ta raunana, musamman mai ƙanjamau da ƙwayoyin CD4 ɗinsa suka gaza 200. Takan shigo a hankali, da busasshen tari, zazzaɓi da haki, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta tarin fuka. Ita ce aka gani jikin maza 5 a Los Anjalas, Amurka, a 1981, rahoton farko na ƙanjamau. Maganinta Septrin na kwana 21, kuma shi ne rigakafinta.

Misali: "Yaya, tarin nan ya daɗe, tashi mu je Babban Asibitin Wudil a duba ko nimoniyar PCP ce."