Daga Salaga zuwa Guangzhou: Wa Ke Tsaya wa Baƙo?

'Yan uwa 'yan kasuwa, a wannan biki na cikar shekarar ƙungiyarmu ya dace mu waiwayi hanyar da ta kawo mu nan, domin da yawa cikinmu yanzu Caina suke zuwa sari.

Kakanninmu fataucin Gwanja suka yi. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina da kanwa da fatu da tufafi, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga, inda ake sayen goron Asante. Bafatake ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Gidan maigida yake sauka, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an yi ciniki bashi kuma shi ne mai lamuni.

Sai Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Asante ta daina tura goro Salaga kamar da. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa garin, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran wurare. Bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896, Hausawa suka yi ta sauka a Zango, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. Kasuwar Salaga ta mutu, amma tsarin maigida ya biyo mutane har nan. Ko dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta raba iyalai da yawa da gidajensu da rumfunansu, ba ta kashe shi ba.

Birnin Guangzhou, a bakin kogin Lu'ulu'u, shi ma ya san irin wannan tsari. Daga 1757 zuwa 1842 shi kaɗai ne tashar da sarkin Caina ya yarda Turawan Yamma su yi ciniki a cikinta. Kowane jirgin baƙi sai ya sami babban ɗan kasuwa na gari da zai tsaya masa, ya lamunci harajinsa da halin mutanensa. Musulmi kuwa sun riga Turawan isa can da ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya je ya ziyarci masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, kafin ya tafi ɗaukar hoto a hasumiyar Canton mai tsawon mita 600.

An soma baje kolin Canton a 1957, ana yinsa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba. Amma mutanenmu sun fi yawaita bayan Caina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Suka riƙa sauka a unguwar Xiaobei, suna zaga benen Tianxiu da kasuwannin Sanyuanli, suna sarin yadi, takalma, waya da kayan lantarki. Kwantena ta bi teku zuwa Tema, kaya su ƙare a Kejetia ko su wuce Wagadugu da Yamai.

Abin da ya ɓace a wannan sabuwar hanya shi ne maigida. Yaro zai tashi daga Aboabo ko Asawase da jarin gidansu duka, ya danƙa wa wakilin da a waya kawai ya san shi. In kaya suka iso ba irin samfurin da ya gani ba, babu dattijon da zai kai wa ƙara. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga masaukansu a Guangzhou, wasu suka kwana a titi. A ranar, wanda ba shi da mai tsaya masa ya gane kurensa.

Saboda haka aikin maigida ya dawo wuyan ƙungiya. Mu ajiye sunayen wakilai da masu lodi waɗanda aka jarraba amanarsu. Kada sabon shiga ya yi tafiyar farko shi kaɗai, a haɗa shi da wanda ya san gari. A rubuta kowane ciniki, kada kuma a cika kuɗi sai an duba kaya. Sannan mu tuna da Salaga, kada mu zuba jarinmu duka a kasuwa guda.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a nemanmu.