Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Gonar Kufai Ta Fi Albarka?

Wani manomi daga Sabon Birni ya aiko yana tambaya: me ya sa gero ya fi kyau a kufai, kuma wai da gaske ne malaman jami'a na binciken juji?

To Malam, mun gode. Bari mu fara daga ƙofar gidanka, wato Alkalawa. Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a tsakiyar ƙarni na 18, ya ci gaba da zama hedkwatar Gobir har 1808, lokacin da rundunar jihadi ta ci shi da yaƙi, Sarki Yunfa ya rasu. Shekara kusan hamsin ke nan ana zubar da toka da kashin dawaki da ƙaiƙayi wuri guda. Duk garin da ya yi haka, in ya tashi sai ya bar gado a ƙasa.

Wannan gadon shi masana ke kira kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da kara da kashin shanu. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke ruɓar da shara, kabon ya koma ƙasa, ta yi baƙi, ta riƙa riƙe ruwa.

Batun bincike kuwa gaskiya ne. A shekarun 1960 Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke kai itace birni a kan jakuna, su komo da taki. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, inda aka gwada zuba kashin shanu da ruwa a rufaffen rami, ya ba da iskar gas ta girki, ragowar ta zama taki. A 2016 kuma wani bincike a Gana da Laberiya ya gano cewa baƙar ƙasar tsofaffin jujaye ta ninka ta kusa da ita kabon sau biyu zuwa uku.

Saboda haka Malam, ga takin zamani ya yi tsada, kada ka cinna wa kara wuta bayan girbi, don kabon ɗin hayaƙi zai bi. Tara shi da toka da kashin dabbobi a rami, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har ya ruɓe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mun ji daga gare ku.