Mazubin da ba ya komawa gida: daga lefen kaba zuwa akwatin takarda

Ana saura kwana biyu a ɗaura auren ƙanwar abokina a Kiyako, na tarar da 'yan mata huɗu a tsakar gida sun baje tabarma, gabansu kwali mai sheƙi, da almakashi, da gam, da ƙullin ribon ruwan zinariya. Ƙananan akwatuna suke naɗewa, kowanne bai wuce tafin hannu ba, za a zuba dabino da alawa a raba wa 'yan biki. Kakar amarya na gefe tana kallo. Can ta ɗauki guda ta jujjuya, ta ce, "To 'yan nan, idan an cinye dabinon, wa zai dawo da kwanon?" Aka yi dariya. Ni kuwa tambayar ta bi ni har Kano, domin tarihi biyu ne suka haɗu a kan tabarmar nan: na takarda a ƙasar Hausa, da na mazubin kyauta.

A fara da takarda. A ƙasar Sin aka ƙago ta, kuma littattafan tarihinsu sun jingina ingantata ga wani ma'aikacin fada, Cai Lun, a shekarar 105 miladiyya. Kafin ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza, daga baya ta haura Andalus da Italiya. Mutanen Fabriyano na Italiya ne suka fito da dabarar dasa tambari a cikin jikin takardar tun tana jiƙe, tambarin da ba a ganinsa sai an ɗaga ta sama an haska. Wannan dabara ce ta ba mu takardar da malaman ƙasar nan suka fi sani, mai alamar jinjirin wata uku. A arewa maso gabashin Italiya ake yin ta domin kasuwannin Musulmi, kuma gidan Galvani na Pordenone na cikin waɗanda suka yi fice da ita. Tana sauka Tarabulus, raƙuma su ratsa hamada da ita har Kasuwar Kurmi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma lissafa ta cikin hajar da ake shigowa da ita daga arewa. Wanda ya leƙa tsofaffin rubuce-rubucen da ke Arewa House a Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato zai tarar da watannin nan uku a warƙoƙi da yawa.

Abin da ya sha tafiyar watanni a bayan raƙumi ba a naɗe alawa da shi. Shi ya sa almajiri ke koyo a allo, ya wanke ya sake, takarda kuwa sai wanda hannunsa ya nuna. Kuma a nan ne, a ganina, sana'ar naɗi da rufi ta fara a wajenmu, sai dai a juye: takardar ce ake yi wa sutura. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a saka a gafaka. Laya ma haka: malami ya rubuta, a ninke takardar ninki bisa ninki har ta koma 'yar murabba'i, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke ta cikin fata. Duk wanda ya taɓa ganin an warware tsohuwar laya ya san kakanninmu sun iya ninkin takarda. Har yau dattijo ba ya wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa bai ɗauke ta ba.

Kyauta kuwa da nata kayan. Goron da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja cikin huhu yake zuwa, an lulluɓe shi da ganye don kada ya bushe. Abinci a ƙwarya ko akushi, a rufe da faifai. Kalmar lefe kanta sunan mazubi ce, ɗan kwandon kaba, kafin ta zama sunan kayan da ke ciki. Daga lefe aka koma adudu, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kayan kanti suka yawaita aka shiga kwalla da fantimoti, har aka kai ga jerin akwatunan da a yau ke hana samari da yawa barci. Amma kyautar yau da kullum, ta maƙwabta da dangi, tana da ƙa'ida guda: kwano na mai shi ne. A juye abin da ke ciki, a ba ɗan aike tukwici, sau da yawa kuma ba a mayar da kwanon haka nan. Kwano ya je ya dawo, zumunci ya yi tafiya biyu. Abin da kakar amarya ke nufi ke nan.

Akwatin kwali an yi shi ne don kada ya dawo. A ƙarshen ƙarni na 19, a Amurka, wani mai ɗab'i ɗan asalin Sikotilan, Robert Gair, ya lura cewa ƙarfen da ya kamata ya karya takarda ya goce ya yanka ta. Daga kuskuren ya gane ana iya yanka da karyawa a bugu ɗaya, a sami akwatin da ake shimfiɗewa a tara dubbai a ɗan wuri. A 1917 kuma, a Kansas City, 'yan'uwan Hall, masu kamfanin da ya zama Hallmark, takardar naɗin da suka saba sayarwa ta ƙare musu ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, sai suka fito da takardu masu ado na Faransa da ake liƙawa a cikin ambulan. Aka wawashe. Takardar naɗin kyauta ta zamani ta samo asali daga nan.

Ƙullin ribon ma ba ko'ina ne ado kawai ba. Japanawa na da igiyar takarda da suke kira mizuhiki. Kyautar haihuwa ana ɗaure ta da zarge mai kunnuwa biyu, wanda ake kwancewa a sake ɗaurawa, don abu ne da ake fatan ya maimaitu. Ta aure kuwa ƙulli ake yi mata wanda ba ya kwancewa. 'Yan matan Kiyako zarge suke yi wa kowane akwati, kuma ban ga amfanin in ɓata musu rai da labarin Japan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kwalin ya fito. Nijeriya ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, dukansu suka durƙushe, don haka yawancin takardar da muke amfani da ita daga waje take zuwa, kamar dai zamanin Barth, sai dai jirgin ruwa ya maye gurbin raƙumi. Dala ta motsa, kwali ya tashi, ribar yarinyar da ta kwana tana ninki ta tsuke. Duk da haka ba na cikin masu raina sana'ar. Jarinta kaɗan ne, ana yin ta daga cikin gida, kuma akwatin takarda ya fi baƙar ledar da ke toshe mana magudanai mutunci nesa ba kusa ba. Na dai kasa daina tunanin cewa abin da aka taɓa ɓoyewa cikin gafaka shi ne yau mai tsire ke yagowa daga buhun siminti.

Ranar biki na ga inda akwatunan suka ƙare. Yara sun yage nasu tun kafin la'asar, ribon ya koma kan 'yan tsana. Kakar amarya ta cinye dabinonta, ta kakkaɓe akwatin, ta zuba turaren wuta a ciki, ta ɗaure da zargen da ya zo da shi. Sannan ta kira jikanta ta ce, "Ungo, kai wa Inna ta gidan Liman. Ka ce mata ina jiran abina."